Zare ya ce kusan awa 5, tikiti ya ce awa 1 da minti 40: tafiyar Tromso zuwa Svalbard

Tambayar ta fito ne daga wani shugaban makarantar firamare a wani ƙauye na ƙasar Ringim, a Jigawa. Ɗansa na fari yana karatu a jami'ar Tromso, can ƙarshen arewacin ƙasar Norwe, kuma za a kai su wani kwas a tsibiran Svalbard. Yaron ya turo hoton tikitinsa, an rubuta awa 1 da minti 40 daga Tromso zuwa Longyearbyen, babban garin tsibiran. Malam ya ɗauki zare ya auna a taswirar duniya da ke rataye a ofishinsa, sai ya ga tsawon ya zo daidai da na Kano zuwa Jidda, tafiyar da shi da kansa ya yi shekarar da ya sauke farali, kuma sai da suka kusa awa 5 a sama. Yana son ya san inda kuskuren yake, ko kuwa jiragen can sun fi namu gudu ne. Ya ƙara da cewa hankalin mahaifiyar yaron bai kwanta ba, saboda maganar teku da sanyi.

Amsa

Assalamu alaikum Malam. Allah ya yi wa yaron albarka, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin aikin da na yi ke nan shekara da shekaru a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, a ofishin da ake lissafa wa jirgi hanya da mai da lokaci tun kafin matuƙi ya shigo, har na yi ritaya na dawo gona a nan ƙasar Ɗambatta.

Awon da ka yi da zare daidai ne, hannunka bai yi kuskure ba. Tikitin ma daidai yake. Daga filin jirgin Tromso zuwa na Longyearbyen kilomita 960 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Daga Kano zuwa Jidda kuwa kusan kilomita 3,400 ne, wato ninki uku da rabi ke nan. Abin da ya sa suka zo maka daidai a zare yana jikin takardar da ke bangon ofishinka.

Ɗauki kabewa ka duba ta. Tsage-tsagen da ke jikinta suna tasowa daga gindin mariƙi, su buɗe a tsakiya inda ta fi kumbura, sannan su sake haɗuwa a ƙasa. Haka layukan tsaye na duniya suke, waɗanda ake auna gabas da yamma da su. A nan wajenmu, da yake muna kusa da tsakiyar kabewar, tsakanin layi ɗaya da na kusa da shi, wato digiri 1, ya kai kilomita 109. A Tromso digiri 1 ɗin nan bai wuce kilomita 39 ba. A Longyearbyen ya tsuke ya koma kilomita 23, domin saura kilomita 1,300 kacal layukan su haɗu gaba ɗaya a ƙuryar arewa. To yanzu a ce maka ka feɗe ɓawon kabewar nan ka shimfiɗa shi a kan tebur, ya zama mai kusurwa huɗu kamar tabarma. Ba zai yiwu ba sai ka yaga shi ko ka ja shi. Mai zana taswira ma zaɓin da ke gabansa ke nan.

Irin taswirar da ta fi yawa a makarantunmu, wani mutumin Turai ne mai suna Gerardus Mercator ya fito da tsarinta a shekarar 1569. Shi ya zaɓi ja. Ya miƙar da layukan tsayen nan suka jeru kamar kunyoyin gona, ba su matsowa kusa da juna ko da an je ina. Da ya ja ƙasashen arewa ta gabas da yamma, sai ya zama dole ya ja su ta kudu da arewa daidai gwargwadon haka, don kada siffarsu ta lalace. Yana da dalilinsa, kuma dalili ne mai kyau: matuƙan jiragen ruwa ya yi wa ita, ta yadda idan mutum ya ja miƙaƙƙen layi tsakanin tashoshi biyu zai iya kama alƙibla guda a kamfas ya bi ta har ya isa. Don wannan aikin ba ta da tamka. Amma ga mai auna nisa da zare, tana yaudara, kuma yaudarar tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka nausa arewa. A Kano abin da ta ƙara bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, a Jidda kusan kashi 8. A Tromso ta ninka komai kusan sau 3, a Longyearbyen kusan sau 5. Zarenka na farko ya bi ta inda taswirar ke faɗin gaskiya, na biyu ya bi ta inda ta fi ƙara gishiri. Na zauna na yi lissafin a takarda, na ga lallai a irin wannan taswira layukan biyu kusan tsawonsu ɗaya, bambancin bai kai wanda ido zai gani ba.

Shi ya sa ma za ka ga tsibirin Girinlan a bangonka yana neman ya kamo Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. Wannan abu yana damuna game da yaranmu, don suna tashi da hoton cewa nahiyarsu ƙarama ce. Taswirar da ke cikin waya ma, idan aka ja ta baya don a ga duniya duka a shimfiɗe, yawanci a kan wannan tsari take.

Ga hanyar da za ka tabbatar da nisan da kanka, ba sai ka dogara da maganata ba, kuma 'yan aji shida za su iya yin ta a allo. Layukan kwance, waɗanda ake auna kudu da arewa da su, ba sa tsukewa. Kowane digiri kusan kilomita 111 ne a ko'ina, kuma an raba shi gida 60, kowane gida ana ce masa minti. Minti 1 ɗin nan shi ne mil ɗin teku, mita 1,852, kuma da shi muke aiki a harkar jirgin sama. Filin jirgin Tromso yana kan digiri 69 da minti 41 arewa. Na Longyearbyen yana kan digiri 78 da minti 15. Idan ka ɗebe, saura digiri 8 da minti 34, wato minti 514. Ka ninka 514 da 1.852, za ka samu kilomita 952. Sai ɗan karkatar da hanyar ta yi zuwa yamma, digiri 3 da rabi, wanda a can kusan kilomita 100 ne kawai. Idan ka haɗa su ta lissafin alwatika, abin da zai ƙaru kilomita 5 ne ko 6. Ka ga mun iso kusa da 960 ɗin.

In da makarantarku tana da ƙwallon duniya, irin mai juyawa a kan mariƙi, da shi ya kamata a yi awon zare. Ka kafa zaren a gari ɗaya, ka ja shi ya yi tauri zuwa ɗayan, inda ya kwanta nan ce hanya mafi kusa. Idan babu, ina ba ka shawara ku sa shi cikin abin da za ku roƙa wa makaranta, ya fi taswirar bango goma amfani. A tafiyar yaronka hanyar kusan miƙe take arewa sak, don haka zaren ƙwallo da layin taswira ba su saɓa sosai ba ta fuskar inda aka dosa. Inda abin ke ba mutane mamaki shi ne tafiyar gabas da yamma mai nisa: jirgin da ya tashi daga Dubai zai je yammacin Amurka yakan hau can saman duniya ta kan ƙanƙara, a taswira ka ga kamar ya yi zagaye, alhali ya yanke ne.

Yanzu maganar lokaci. Jiragen can ba su fi namu gudu ba, hasali ma iri ɗaya ne. Boeing 737 da Airbus A320 ne ke yin wannan hanya, kuma ire-irensu ne ke jigila tsakanin Kano da Legas. Idan irin wannan jirgi ya kai samansa ya daidaita, ƙafa 35,000 ko fiye, yana cin kilomita 830 a awa ko kusa da haka. Da a ce tun daga ƙofar fili har ƙofar fili da wannan gudun yake tafiya, da minti 70 sun ishe shi. Sauran minti 30 ɗin ga inda suke tafiya. Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da aka cire wa tayoyi waigi jirgi ya motsa, har zuwa sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya filin. Akwai gangarawa zuwa bakin titi da jiran izinin hasumiya. Akwai hawa, wanda ke cin minti 20 ko fiye, kuma a farkonsa jirgi ba ya sakin gudu. Sauka ma ba faɗowa ake yi ba, tun saura kilomita 200 matuƙi yake fara rage tsawo, yana rage gudu, ya juyo ya daidaita da titi ta ɓangaren da iska ta yarda. Kamfani kuma yakan ɗora 'yan mintoci a kai don kada kullum a ce ya makara.

Mu a ofis muna da lissafin kai da muke yi kafin kwamfuta ta fitar da nata: a raba nisa da 800, a ƙara rabin awa. Gwada shi ka gani. Kilomita 960 ya ba da minti 72, a ƙara 30, an samu awa 1 da minti 42. Kano zuwa Legas kilomita 835 ne ta sama, ya ba da awa 1 da rabi. Kano zuwa Abuja kilomita 365, ya ba da kusan awa 1, kuma a nan za ka lura rabin lokacin duk a hawa da sauka ya tafi, shi ya sa gajeriyar tafiya take zama kamar ta fi tsada a lokaci. Kano zuwa Jidda ya ba da awa 4 da minti 45, abin da ka zauna ke nan a kujera shekarar hajjinka. Saboda haka tafiyar da yaron zai yi ta ɗan ɗara ta Kano zuwa Legas ne kawai. Ka gaya wa Hajiya, mahaifiyarsa, cewa ranar da ya fara zuwa makarantar, daga Oslo babban birnin Norwe zuwa Tromso, kilomita 1,115 ya yi a sama, wato ya riga ya yi wadda ta fi wannan nisa.

Iska tana da nata rabon. Jirgi a cikin iska yake iyo kamar kwalekwale a kogin Haɗeja, in ruwa na tafiya da kai ka isa da wuri, in kana haurawa ka daɗe. A can sama a ƙasashen arewa, iska mai ƙarfi yawanci daga yamma take busowa zuwa gabas, shi ya sa zuwa Amurka daga Turai ya fi dawowa daɗewa, wani lokaci da awa guda cur. Hanyar Svalbard kuwa kudu da arewa ce, iskar takan zo ta gefe, don haka zuwa da dawowa ba su cika bambanta da fiye da 'yan mintoci ba.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne wannan: a irin waɗannan filaye na can ƙurya, abin da ke sauya lokacin tafiya ba ya cikin kilomita, yana cikin yanayin sama da kuma rashin maƙwabci. Jirgin da ya taso daga Legas zai sauka Kano, idan hazo ya rufe mu, yana da Kaduna, yana da Abuja, yana da Katsina ko Dutse, duk cikin ƙasa da awa guda. A Svalbard gaba ɗaya fili ɗaya ne babban jirgi zai iya sauka, shi ne na Longyearbyen, wanda aka buɗe a 1975, titi guda mai tsawon kusan kilomita 2 da rabi, an shimfiɗa shi a kan ƙasar da ba ta narkewa rani da damina. Shi ne fili mafi nisa a arewacin duniya da jiragen fasinja ke zuwa bisa jadawali. Akwai wani ɗan gajeren titi a Ny-Ålesund, ƙauyen masu bincike da ke arewa maso yamma, amma ƙananan jirage masu farfela kaɗai ke sauka a kai. A tsakiyar hanya kuma akwai wani tsibiri, Bjørnøya, wanda ke da tashar duba yanayi, ba shi da titin jirgi. Saura duk ruwa ne.

To me mai tsara tafiya zai yi? Dokar man jirgi kusan ɗaya ce a duk duniya, ita muka yi aiki da ita a Kano, ita suke aiki da ita a can. Ana zuba man da zai kai jirgi inda za shi, a ƙara kashi 5 cikin 100 don abin da ba a zata ba, a ƙara wanda zai kai shi wani filin daban idan na farko ya ƙi saukuwa, sannan a ɗora na ƙarshe wanda zai riƙe shi minti 30 yana shawagi, wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci. A tafiyar Svalbard, filin daban ɗin nan yana can baya a arewacin Norwe, Tromso ko Alta ko makamancinsu. Ma'ana jirgin yana tashi ne da man zuwa da na dawowa da ragowa. Wannan ba nauyi ba ne a gare shi, don irin wannan jirgi yana shan kusan tan 2 da rabi a awa, kuma tankinsa na iya kai shi fiye da kilomita 5,000. Akwai kuma ƙa'idar jirgi mai inji biyu, cewa kada ya yi nisa da filin da zai iya sauka fiye da tafiyar awa 1 da inji ɗaya, sai da izini na musamman. A tsakiyar wannan hanya kilomita 480 ne gaba, 480 baya, yana cikin ƙa'idar.

Saboda haka abu uku ne ke iya faruwa ranar tafiya. Mafi yawan lokaci a tashi a sauka yadda aka rubuta. Wata rana rahoton yanayi ya nuna guguwar dusar ƙanƙara ko iska mai bugun gefe ko hazo a Longyearbyen, sai a jinkirta ko a ɗaga tafiyar zuwa gobe. Wata rana kuma, ba kasafai ba, a je har can, matuƙi ya sauko ya ga bai ga titi ba a tsawon da doka ta ce lallai ya gan shi, sai ya ƙara wuta ya hau ya juyo, tafiyar awa 1 da minti 40 ta koma awa 3 da wani abu, a sauke mutane inda aka ɗebe su. Idan yaron ya bugo ya ce haka ta faru, kada ranku ya ɓaci. Na sha tsayawa gaban fasinjoji a lokacin hunturu, hazo ya rufe Kano ko hasumiya ba ka hange, ana ta faɗa ana cewa mun ɓata wa mutane lokaci. Na fahimci fushinsu, wani ɗaurin aure zai je, wani mara lafiya yake bi. Amma ban taɓa yin nadamar jirgin da muka hana tashi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Matuƙin da ya juyo da mutane ya yi aikinsa ne yadda aka koya masa. Shawarar da zan ba yaron ita ce, a dawowa kada ya haɗa jirgin Svalbard da wani jirgin mai muhimmanci a rana ɗaya da 'yar tazara kaɗan, musamman in lokacin sanyi ne, ya bar kwana guda a tsakani.

Game da sanyin da Hajiya ke tsoro, ga abin da zai kwantar mata da hankali. Ranar da kuka tashi zuwa Jidda, a samaniyar Kano ɗin nan tamu, a ƙafa 35,000, sanyin da ke wajen taga ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Kowane jirgi a cikin irin wannan sanyi yake yini, don shi aka ƙera shi. Man da ake zuba masa sai ya kai digiri 47 ƙasa da sifili yake fara daskarewa, kuma gudun jirgi yana ɗumama fukafukan da man ke ciki. Inji ma ya fi son iska mai sanyi, don ta fi kauri. Zafin watan Afrilu a Kano, lokacin da ake kai digiri 40, shi ne ke sa mu rage wa jirgi kaya saboda iska ta yi shara-shara ba ta ɗaga shi da wuri. Abin da ake kiyayewa a can shi ne ƙanƙarar da ke kwanciya a kan fukafuki yayin da jirgi ke tsaye a ƙasa, domin ko siririya ce tana ɓata yadda iska ke bin fiffike. Shi ya sa kafin tashi wata mota mai dogon hannu takan zo ta fesa wa jirgin wani ruwan magani mai zafi. Yakan ci minti 10 zuwa 20, kuma yana daga cikin abin da ke sa tafiyar sanyi ta ɗara ta bazara. Idan yaron ya ga ana wanke jirgi da mutane a ciki, wannan ne.

Ta ruwa kuwa babu jirgin fasinja na kullum tsakanin garuruwan biyu. Jirgin ruwa mai cin kilomita 25 a awa sai ya yi awa 38 ko fiye kafin ya isa, kwana biyu ke nan a kan teku mai sanyi. Ta sama ita ce hanyar kowa.

Akwai maganar takardu, kuma ita ce na fi so ya kula da ita fiye da maganar sanyi. Svalbard ƙarƙashin Norwe take bisa yarjejeniyar 1920, amma ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza guda. Shiga can ba ya buƙatar biza, amma wanda ya je ya fita daga yankin ke nan, kuma dawowarsa sabuwar shiga ce. Don haka a Tromso za a duba fasfo a zuwa da dawowa. Ɗalibi mai katin izinin zama a Norwe ba shi da matsala, in dai katin bai ƙare ba kuma yana tare da shi, da fasfo ɗinsa a aljihu ba a cikin akwatin da aka auna ba. Wanda ke da biza ta shiga sau ɗaya shi ne ke shiga tsaka mai wuya. Saboda layin duba fasfo, ya isa fili da wuri kamar mai fita ƙasar waje.

Agogo kuwa bai da rikici. Tromso da Longyearbyen lokacinsu ɗaya, shi ya sa in ka ɗebe lokacin tashi daga na sauka a tikiti kake samun tsawon tafiyar kai tsaye, saɓanin Jidda da ke gabanmu da awa 2. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu daidai yake da namu na Najeriya. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa 1. In tikiti ya ce zai sauka ƙarfe 2 na rana a watan Yuni, ƙarfe 1 ke nan a Ringim, sai ku ba shi rabin awa ya ɗauki kaya kafin ku fara neman wayarsa.

Abin da zai fi ba shi mamaki ba tafiyar ba ce, rana ce. A Tromso ya riga ya ga yadda take ƙin faɗuwa kusan wata biyu, daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli. A Longyearbyen abin ya ninka: daga wajen 20 ga Afrilu har bayan 20 ga Agusta ba ta faɗuwa, daga ƙarshen Oktoba kuma har tsakiyar Fabrairu ba ta fitowa. Kilomita 960 ɗin nan su suka jawo wannan bambanci. Jirage suna sauka cikin duhun nan da na'urori da fitilun titi, kamar yadda ake sauka Kano da tsakar dare. Maganar lokutan salla da azumi ta malamai ce, sun kuma yi bayani a kai, wasu suna bin lokutan Makka, wasu na gari mafi kusa da ke da dare da rana, sai ya bi abin da jama'ar masallacin Tromso suke kai. Abin da ya shafi fannina shi ne alƙibla. Mu a nan mun saba cewa gabas, don daga Kano Ka'aba tana kan digiri 68 daga arewa, gabas ke nan da ɗan karkata hagu. Daga Longyearbyen tana kan digiri 153, wato kudu ce da ɗan karkata zuwa gabas. Kada ya isa ɗaki ya nemi gabas bisa sabo.

Garin ƙarami ne, mutanensa wajen 2,500, haƙar kwal ce ta kafa shi a 1906, kuma akwai cibiyar jami'a da aka buɗe a 1993, inda nake zaton can za a kai su. Ba a fita wajen gari haka kawai saboda farin beyar na ƙanƙara, wata babbar dabba mai kai hari, sai da mai rakiya da makami, kuma ya bi wannan doka sau da ƙafa.

Sai abu ɗaya da nake so ya duba mana, ni da kai da muke noma. Idan ya fito daga filin jirgi ya ɗaga kai ya dubi dutsen da ke bayansa, zai hangi wata ƙofa ta siminti ta leƙo daga cikin dutsen kamar bakin rumbu. Rumbu ne kuwa. Ma'ajiyar irin shuka ta duniya ce, wadda aka buɗe a watan Fabrairun 2008, an haƙa ta fiye da mita 100 cikin dutse, ana riƙe ta a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, don in yaƙi ko fari ko gobara ta cinye irin wata ƙasa a samu na mayarwa. Cikin akwatunan farko da suka isa can akwai na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Kano da gonar gwaji a Minjibir, kuma ita ke riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya. Wake suka aika, da masara da waken soya da gurjiya. Daga Kano zuwa bakin ƙofar nan kusan kilomita 7,400 ne. Ba a barin baƙi su shiga ciki, amma ana zuwa bakin ƙofar. Ka ce masa ya ɗauko hoto ya turo, ka nuna wa 'yan makaranta tare da zaren da ka yi awo da shi.

Ka gaishe da Hajiya da mutanen gida. Wassalam.